Gurbi Ɗaya a Dutsen Giwa

A wani daji da ke kwance tsakanin duwatsu biyu, dabbobi sun taɓa haɗa kai suka tare rafi da bangon laka da itace, suka yi madatsa. Aiki ne na gaske, ba za a rage musu ba. Sun haƙa magudanai zuwa fadama, sun yi ƙananan ƙofofi na ban ruwa, sannan suka yi babbar ƙofa a gefe, wadda ake buɗewa idan ruwa ya yi yawa don ya bi ta kwari ya wuce. A gindin bangon kuwa, inda ƙasa ke da laima da sanyi, ƙananan dabbobi suka haƙa ramukansu, wurin ya zama unguwa. Unguwar Gindi ake ce mata.

Giwa ce ke juya aikin duka. Tsohuwa ce, idonta ya yi rauni, amma hankalinta ras yake. A farkon zamani kowa da bakinsa yake zuwa ya gaya mata a buɗe nan a rufe can, sai aka lura ruwa kullum gonar mai babbar murya yake tafiya. Shi ya sa aka hana maganar baki. Aka mirgino wani faffaɗan dutse gabanta, aka sassaƙa masa gurabe kamar na dara, kowanne kamar bakin ƙoƙo. Kowane mai tsaron wuri yana da gurbinsa. Hankaka shi ne ɗan aike: ya je wurin mai tsaro ya tambaye shi, in an ce e ya dawo ya jefa tsakuwa a gurbin, in an ce a'a ya cire wadda ke ciki, sannan ya wuce ga na gaba. In ya gama zagaye, Giwa ta bi gurabun da hancinta ɗaya bayan ɗaya, abin da ta taras shi za ta yi aiki da shi. Umarninta ma da tsakuwa take bayarwa, a wani layi daban, Hankaka ya kai wa masu ƙofofi. Wannan layi dai ba a taɓa rigima a kansa ba, don ba a samu wanda ke roƙon a ƙara masa umarni ba.

Rigima a kan gurabun labari take. Talatin da biyu ne, kuma Giwa ta ce ba za a ƙara ko ɗaya ba.

"In kun yawaita su," in ji ta, "kafin hancina ya kai na ƙarshe, labarin na farko ya tsufa. Ruwa ba ya jirana in gama lalube."

To, a shekarar da aka ƙara sababbin magudanai, masu tsaro suka ƙaru, dole aka sake rabo. Wadda aka ɗora wa aikin ita ce Lanti, wata bushiya mai natsuwa, wadda aka zaɓa saboda ba ta taɓa ɓata wa kowa rai ba. Ita kanta ta ɗauki wannan a matsayin yabo. Ta kwana biyu tana zagaya wurare tana tambayar kowa abubuwa nawa yake da su na faɗa, ta zo majalisa da lissafinta a ka, har da rarar gurabe biyar. A ganinta kafin rana ta take za a watse.

Raƙumin Dawa ne shugaban majalisa. Da ya buɗe taro, Ɓauna mai tsaron babbar ƙofa ya miƙe, bai ko jira Lanti ta rufe baki ba.

"Ranka ya daɗe, 'yan majalisa, na ji an ce gurbi ɗaya za a ba ni. Wai don labarina bai wuce ƙofa a buɗe take ko a rufe ba. Gaskiya ne, bai wuce haka ba. Amma ina so a duba wace ƙofa ce. Gungumen da nake ja, zomo ɗari ba za su motsa shi ba. In baƙo ya zo ya dubi dutsen nan ya ga gurbina ɗaya, na mai tsaron magudanar albasa ma ɗaya, me zai ɗauka? Ni ba don kaina nake magana ba, don martabar ƙofar nake yi. A ba ta shida."

Aka yi guna-guni na amincewa. Lanti ta ɗaga murya ta ce, "To ai biyar ɗin za su zauna babu komai a ciki."

"Su zauna," in ji Ɓauna. "Ana ganinsu ai."

Kada, mai lura da zurfin ruwa, ya ce shi ba mai son jayayya ba ne, amma bai taɓa zama ƙasa da Ɓauna a kowane rabo ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Aka ba shi shida. Daga nan Dila ya tashi ya gyara murya, ya tuna wa majalisa cewa Zaki, ko da yake bai taɓa taka madatsar ba, yana iya sha'awar karɓar wani wuri nan gaba, kuma abin kunya ne ya zo ya taras ba a tanadar masa ba. Wa zai ce a'a? Aka keɓe wa Zaki takwas, aka ce a riƙa share su. Shugaba da kansa ya ce shi ba ya bukatar komai, sai da aka matsa masa ƙwarai sannan ya karɓi uku.

Haka aka yi ta yanka. Lanti na tsaye tana jin lissafinta na zubewa. Kai, ran nan ta san abin da ya kamata ta faɗa, wallahi ta sani, amma duk wanda ya miƙe ya fi ta girma, kuma kowa da ladabi yake roƙo. Da la'asar ta yi, sauran masu tsaro suka karɓi ɗai-ɗai, gurbi ɗaya ya rage, masu nema biyu.

Na farko Nomau ne, wani tsohon kwaɗo da ke zaune a jikin bango ta waje. Aikinsa ya ji ko bangon na tsiyaya. Ta biyu Tabawa ce, agwagwa mai sheƙa a tsibirin tsakiyar ruwa, wadda ke faɗa in ruwa ya kai bakin sheƙarta.

Tabawa ta yi magana mai tsawo a kan ƙwai da haƙƙin iyaye, har wasu suka share hawaye. Nomau ya ce shi dai in bango ya jiƙe yana so a sani. Aka rasa yadda za a yi. Shugaba ya sunkuyo da dogon wuyansa ya ce, "Lanti, ke aka ba rabo. Fitar da mu."

A nan ne dabara ta zo mata, kuma sai da ta ji daɗin kanta. Ta ce, "Ranka ya daɗe, in Baba Nomau ya ce bango na tsiyaya, me Inna Giwa za ta yi? Ta sa a buɗe babbar ƙofa a rage ruwa. In Tabawa ta ce ruwa ya kai sheƙa fa? Shi ne dai, a buɗe babbar ƙofa. Tunda maganinsu ɗaya ne, su haɗa gurbin. Duk wanda ya sa aka jefa tsakuwa, ƙofa za ta buɗe."

Majalisa ta ɗauki sowa. Dila ya ce bai taɓa jin hikima irin wannan ba. Giwa kaɗai ba ta yi sowa ba, ta ce, "Ni abin da na taras shi nake karantawa." Ba wanda ya tsaya a kan maganar, don kowa ya gaji, ga yunwa.

Rani ya wuce lafiya. Damina ta sauka, ta yi ƙarfi, madatsa ta cika fal. Wata safiya Lanti na kan hanyar zuwa gaida ƙanwarta Dela, wadda ta haihu a Unguwar Gindi, sai ta ji an kira ta daga jikin bango.

"'Yar nan, zo mana."

"Ina kwana, Baba Nomau?"

"Lafiya, ba lafiya ba. Taɓa nan."

Ta taɓa. Lakar ta yi laushi kamar tuwon da bai daɗe da sauka ba, ruwa na fitowa siriri yana gangarawa.

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu. Duk zuwan Hankaka sai na ce masa e, yana tsiyaya. Ya ce to, ya tashi. Ina ta kasa kunne in ji ƙarar gungumen Ɓauna, shiru. Ko Inna ba ta da lafiya ne?"

Lanti ta fasa zuwa barka, ta hau tudu inda dutsen yake, ta laɓe a gindin wata sabara tana kallo. Ga Hankaka ya dawo daga wurin Nomau, ya jefa tsakuwa a gurbin, ƙwal. Ta sauke ajiyar zuciya. Ya tashi ya nufi tsibiri. Tabawa kuwa a bana ta ɗaga sheƙarta sama kan wani kututture, ruwa bai kai ko kusa da ita ba. Jim kaɗan Hankaka ya dawo, ya sa baki ya cire tsakuwar, ya yar. Da ya gama zagaye Giwa ta miƙo hanci, ta shafa gurbin, ta ji wayam, ta wuce.

Lanti ta tsaya ta ga an sake yin haka, an kuma sakewa. Ita ta yi tunanin jefawa, ba ta yi tunanin cirewa ba. A'ar Tabawa ce ke share e ɗin Nomau a kowane zagaye, don kawai ita ce ta biyo bayansa a layi.

Ta tare Hankaka. "Malam, ba ka ga abin da kake yi ba? Kai ka jefa, kai ka cire!"

"Na gani mana," in ji shi. "An ce e, na jefa. An ce a'a, na cire. In na fara zaɓar maganar da zan kai da wadda zan bari, gobe ku ne za ku ce Hankaka na cin hanci. Ki gyara rabonki, ni ba ruwana." Ya tashi abinsa, kuma gaskiya ya faɗa.

Ta ruga wurin Shugaba, ta same shi yana cin ganyen ƙirya. Ta zayyana masa komai, ba ta ɓoye cewa dabararta ce ta jawo ba. Ta roƙa a ara wa Nomau ɗaya daga cikin gurabun da ke zaune babu kowa.

Raƙumin Dawa ya tauna, ya haɗiye, sannan ya ce, "Lanti, na yaba da kika zo da kanki. Amma ki duba. Ba a sauya gurbi sai an tsayar da aiki an sake koya wa Giwa da Hankaka, kin fi ni sani. Tsayar da aiki yanzu, shinkafa na fitar da kai, wa zai ɗauki alhakinsa? Sannan gurbin wa za a ɗauka? Na Zaki? Ki je ki gaya masa da bakinki. Na Ɓauna? Sai majalisa ta zauna, ita kuwa ba ta zama sai bayan girbi. Bangon nan ya ga damina da yawa, zai ga wannan ma. Abu ɗaya nake roƙonki, kada ki ta da hankalin jama'a. In aka ji dutsen Giwa na kuskure, kowa zai koma zuwa da bakinsa, mu koma gidan jiya. Kin fahimta?"

"Na fahimta, ranka ya daɗe," in ji Lanti. Assha. Da ma ba ta fahimta ba.

Daga nan ta gangara Unguwar Gindi. Dela na kwance a rami da 'ya'ya huɗu, ko ido ba su buɗe ba, ƙayarsu fara-fara mai laushi. Lanti ta yi barka, ta zauna, ta rasa ta inda za ta fara.

"Dela, da kin kwashe yaran nan kun dawo wurina a tudu, ko zuwa ƙarshen damina."

Dela ta yi dariya. "Yaya, da ɗanyen jego? In ja su cikin ruwan sama su huɗu? Me ya faru?"

"Bangon ne, na ga kamar ya jiƙe."

"Ai ko ya jiƙe Baba Nomau na nan. Da ya faɗa za a buɗe ƙofa. Ba ke kika tsara ba? Nan unguwar kullum sai an yi mini barka da samun yaya irinki. Ni tunda ke kika raba dutsen nan, barci nake har da minshari."

Maganar na bakin Lanti, kamar ta gaya mata cewa faɗar Nomau ba ta isa ko'ina, ta tashi ta bi unguwa rami-rami ta faɗa. Sai ta tuna roƙon Shugaba, ta kuma dubi yadda ƙanwarta ke kallonta, kunya ta rufe ta. Ta ce, "To, Allah ya raya," ta fito. Wannan shirun shi ne abin da ya fi komai ci mata rai daga baya, ya fi rabon kansa.

Ruwa ya ci gaba da sauka. Lanti ta koma wurin Ɓauna ta roƙe shi ya ja gungume ko babu umarni, ya ce shi ba ɗan tawaye ba ne. Ta je bakin ruwa ta ƙwala wa Tabawa kira, ta roƙe ta ta ce e ko sau ɗaya. Tabawa ta ce ita ba ta taɓa ƙarya a bakin aiki ba, kuma in aka rage ruwa zai bar tsibirinta a sarari muzuru ya tako. Kowa dai yana kan gaskiyarsa.

Ranar da abin zai faru, da hantsi, Nomau ya hau tudu da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Laka ce a jikinsa har ido.

"'Yar nan, yanzu ba tsiyaya ba ce. Bangon motsi yake."

Lanti ta nufi dutsen da doka ta hana kowa taɓawa in ba Giwa da Hankaka ba, ta ɗauki tsakuwa ta jefa a gurbin. Kafin Giwa ta miƙo hanci, Hankaka ya dawo daga tsibiri ya cire. Ta sake jefawa, ya sake cirewa, yana cewa, "Ki yi haƙuri, aikina nake." Sai ta haye dutsen, ta shiga gurbin da kanta, ta dunƙule. Hankaka ya kai baki, ƙaya ta soke shi, ya ja da baya.

Hancin Giwa ya biyo layi a hankali, ya wuce na Zaki takwas masu tsabta, ya wuce na Ɓauna, ya wuce na Kada, ya iso kanta ya tsaya.

"Wannan ba tsakuwa ba ce," in ji Giwa.

"Inna, ni ce, Lanti." Muryarta ta fito daga cikin ƙaya. "Na san ba a yi miki maganar baki. Ban zo da baki ba, ga ni a gurbi. Ki karanta ni."

Giwa ta ce, "Tun yaushe ya kamata in taras da wani abu a nan?"

"An daɗe, Inna."

Tsohuwar ba ta ƙara tambaya ba. Ta ɗauki tsakuwa ta sa a layin umarni, Hankaka ya tashi kamar kibiya, can aka ji gungumen Ɓauna ya yi ƙara, ruwa ya kama kwarara ta kwari. Lanti ta warware, ta diro, ta kama gudu zuwa gangare tana kiran sunan ƙanwarta, tana ihu kowa ya fito. Yanzu kam ta faɗa da ƙarfi, duk wanda ke da kunne ya ji.

Ba ta kai rabin gangaren ba bangon ya tafi. Bai yi wata babbar ƙara ba, zama kawai ya yi kamar wanda ya gaji, ruwan shekara guda ya bi ta kansa. Zomaye masu sauri sun tsira, da gafiyoyin da ihun ya riska a waje. Masu jego da tsofaffi ba su fito ba. Lanti ta tsaya a inda ruwan ya tsaya, tana kallon jan ruwa shimfiɗe a inda unguwa take, tana ta kiran Dela har muryarta ta dushe. Nomau ne ya zo ya zauna kusa da ita, ita kuwa ba ta iya kallonsa ba.

Majalisa ba ta jira girbi ba, tunda babu sauran abin girba. Aka yi zaman bincike, aka kira kowa. An tabbatar Nomau ya faɗi gaskiya, Tabawa ta faɗi gaskiya, Hankaka bai taɓa kuskuren tsakuwa ba, Giwa ta karanta abin da ta taras, Ɓauna ya ja gungume da zarar umarni ya iso. Laifi ɗaya tak aka samu a duk al'amarin, shi ne hawa dutse da Lanti ta yi, amma saboda rashin da aka yi mata aka yafe.

Ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, ba wannan ne laifina ba. Ni na haɗa su gurbi ɗaya, na kuma gani na yi shiru. Ƙanwata ta kwanta da 'ya'yanta don ta yarda da ni. Kada ku yafe mini abin da na yi daidai ku bar wanda na yi ba daidai ba."

Shugaba ya ce baƙin ciki ne ke sa ta magana, a ba ta ruwa ta sha. Daga nan Dila ya kawo shawara cewa, don kada irin haka ta sake faruwa, a ware wa mai tsaron bango gurabe nasa na kansa. Wuri kuwa ya samu, tunda masu tsaron magudanai da yawa ba su da sauran abin tsaro. Ba a samu mai ja ba ko ɗaya. Aka umarci Lanti ta nuna, ta nuna da hannunta, hawaye na zuba a kan dutsen: guda huɗu, a farkon layi, babu mai tarayya da shi.

Har yanzu Hankaka na sauka wurin Nomau a kowane zagaye, a kan ɗan tudun lakar da ya rage, ya tambaye shi. Kuma tun daga ranar, bango bai ƙara tsiyaya ba.